Ranar da Baƙin Sama Suka Ɗauke Ƙanena a Bayan Kafur

Mun tashi daga Funtua da asuba, abokan tafiyarmu Musulmi na fitowa daga masallaci, mu kuma muna ta cusa kaya a bayan wata tsohuwar bas da aka ɗauko shata. Kada ku zaci buhuna ne. Bindigogi ne na bututun ruwa da aka fesa wa fenti ruwan azurfa, da hulunan kwano masu eriya, da wani mataccen faifan tauraron ɗan'adam da aka ce mini garkuwa ce. Direban ya tsaya yana kallon kayan har ya gaji, sannan ya tambaye ni ko 'yan wasan kwaikwayo ne. Na ce masa da wasa suke yi da na fi samun kwanciyar hankali.

Waɗanda suka daɗe suna bin rubutuna sun san ni tela ce, shagona na nan bayan kasuwa. Abin da ban taɓa faɗa muku ba shi ne ƙanena, malamin lissafi a sakandare, mai mata da 'ya'ya, shi ne shugaban wata ƙungiya mai suna Rundunar Gamzaki. Masoya wani dogon fim ne na 'yan sama jannati, irin mai zango-zango da ba ya ƙarewa. Suna haɗuwa duk ƙarshen mako su kalla, su yi gardama, su raba wa juna muƙamai. Ƙanena ne Kyaftin. Akwai Mataimaki, wani dogon saurayi mai gyaran waya a bakin tasha, akwai kuma wata yarinya mai karatun aikin jinya da suke kira Likitar Kumbo. Sauran duk hafsoshi ne, don ban ga ko kurtu ɗaya ba a rundunar. Ni na ɗinka masu kayan da suke sawa, da wani yadi mai walƙiya da a gaskiya na rufin kujerar biki ne. Ba zan yi maku ƙarya ba, ni ma nakan kalli fim ɗin in ina guga, amma ban taɓa jin ya kamata in yi rantsuwa a kansa ba.

Dalilin tafiyar wani hoto ne da Mataimaki ya sa a guruf ɗinsu na waya. Gonar dawa ce a wani ƙauye can bayan Kafur, a tsakiyarta an kwantar da kara ya yi da'ira, zagaye sak kamar an kifa faifai. Ya ce wani abokinsa ne ya turo masa, shi kansa bai taɓa taka ƙauyen ba. A fim ɗin nasu, irin wannan alamar kumbon baƙin sama ke bari in ya sauka. Guruf ya hargitse. Ni kuwa da na ji ta Kafur za a bi, garin da mahaifiyarmu take, sai na ce a ba ni kujera, in kai mata atamfarta da na gama, in kuma riƙe allura da almakashi saboda na san ɗinkina, na kuma san yadda masu sa shi ke buɗe ƙafa.

Hanyar Bakori da safe abin kallo ce a wannan lokaci na shekara. Damina ta ɗauke, masara ta shigo gida, an shanya ta ja wur a gefen kwalta, waken suya na bushewa a gonaki, dawa kuwa ta fi mutum tsawo, kanta ya yi nauyi yana rangaji. Manyan motoci na ta wuce mu da lodin hatsi. A Bakori muka tsaya karyawa. Ƙosan da muka samu mai zafi ne, da yaji mai daɗi, sai dai ya ƙanƙance har mutum na iya haɗiye shi da ruwa kamar ƙwayar magani. Mai tuyar ta ce mu tambayi wake da man gyaɗa, su suka san dalili.

A nan na fara gane rundunar gida biyu ce. Akwai masu kallon fim ɗin da Turancinsa, suna kiran kansu 'Yan Asali, akwai masu kallon wanda aka juya da Hausa, su ne 'Yan Fassara. Daga Bakori har muka wuce mararrabar Tsiga gardama ɗaya ake yi: wai a kashin da kumbo ya kama da wuta, me kyaftin ɗin fim ya faɗa kafin ya danna maɓalli. 'Yan Asali suka ce ban kwana ya yi da matarsa. 'Yan Fassara suka rantse cewa ya yi, “Yau ake yin ta, wai an ba mahaukaci gadin fetur.” Wani magidanci mai sayar da taki, wanda gemunsa ya fara furfura, ya miƙe tsaye a cikin mota mai gudu yana cewa duk wanda bai ji fim ɗin da Turanci ba bai kalle shi ba. Na juya ina dubansa, mutumin da in ka gan shi a shagonsa sai ka rage murya.

A wani shingen jami'an tsaro aka ce a buɗe bayan mota. Jami'in ya ɗauki bindigar bututu ɗaya, ya juya ta, ya leƙa bakinta, ya tambayi me take harbawa. Ƙanena ya ce haske. Jami'in ya mayar da ita a hankali, ya ce da shi, “Malam, ƙasar nan ba ta zauna ba. Ku bar su a mota duk inda za ku sauka.” Shawara ce ta kirki, kuma mun bi ta. Kuskurenmu shi ne ba mu gane ta shafi sauran kayan ba.

Malumfashi ta cika da hantsi, 'yan adaidaita na ta kutsawa tsakanin motocin rake da na barkono. Mun sayi rake da awara muka wuce. A Kafur muka tsaya ƙofar gidanmu, a nan rundunar ta shiga zaure ta sauya kaya. Mama na tsakar gida tana sussukar masara da matan zumuntar coci biyu da suka zo taya ta, sai ga ɗanta ya fito yana walƙiya tun daga wuya har idon sawu. Hularsa ta fi ta kowa. Hular kwano ce ta babur mai rufe fuska ruf, an yi mata fenti, an dasa eriyar rediyo a ka, Mataimaki kuma ya liƙa wata 'yar na'ura a daidai baki mai sauya murya. Maɗaurin haɓar ya lalace, don haka aka ɗaure shi da waya aka murɗe. Ya durƙusa ya gaida Mama, gaisuwar ta fito kamar kwaɗo ya faɗa tulu. Ɗaya daga cikin matan ta ja kujerarta baya. Mama ba ta ko ɗaga kai sosai ba, ta ce, “Ubanka ya sayar da bijimi ya kai ka makaranta.” Ta ci gaba da sussukarta.

Daga Kafur muka sauka kwalta muka kama hanyar burji, motar na jijjiga mu har haƙora na haɗuwa. Mataimaki ne ke nuna hanya, wai abokinsa ya kwatanta masa. Na lura ko sau ɗaya bai yi kokwanto ba, duk mararrabar da muka iso kafin direba ya tambaya ya ce dama ko hagu, amma a lokacin ban kawo komai a raina ba. Motar ta tsaya a wata mahaɗa inda akwai rumfuna kaɗan da masu talla. Mataimaki ya ja hularsa ya rufe fuska, ya ce kada mu tsaya surutu da kowa, muka bi wata siririyar hanya da ƙafa cikin gonaki.

Gonar babba ce, dawa kaura, ta yi kyau irin wanda ke sa mai wucewa ya ce Allah ya sa albarka. Muka tsaya a gefenta. Dokar rundunar ita ce Kyaftin ke fara taka duk wani sabon wuri shi kaɗai, sauran su jira kiransa. Ya miƙo mini wayarsa saboda ban yi wa rigar aljihu ba, ya ɗaga hannu ya yi wata gaisuwa tasu da yatsu, ya kutsa cikin kara. Muna ganin eriyar na lilo a saman zangarniya, sai ta ɓace. Can muka ji wata ƙara, irin ta muryar kwaɗon nan amma doguwa, da karayar kara, sai shiru.

Muka jira. Aka kira shi da sunan muƙami, babu amsa. Na kira shi da sunan da Mama ke kiransa, babu amsa. Na ture na gabana na shiga.

Da'irar na nan kuwa. Na tsaya a bakinta. Fili ne da zai ɗauki masu rawar biki da 'yan kallonsu, duk an kwantar da dawar gefe guda, zangarniyoyi na kwance cikin ƙasa, tsuntsaye da ɓeraye sun fara yi masu ɓarna. Ni 'yar manomi ce, abin da idona ya fara gani abincin gida guda ne a zube. A tsakiyar filin ga takalmin ƙanena wari ɗaya. Shi kuwa babu shi, babu alamarsa.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau in na tuna sai in ajiye abin da ke hannuna. Na juya ina jiran in ga an bazu nema, sai na ga an yi da'ira an kewaye takalmin ana ɗaukar hoto. Mai takin nan ya cire hularsa ya rungume a ƙirji, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, “An zaɓe shi.” Wani ya ce ai dama a zango na farko ma shugaba suka fara ɗauka. Wani ɗan Fassara ya ce in dai adalci za a yi shi ya kamata a ɗauka, don shi ya fi kowa daɗewa a rundunar, Kyaftin dai ya riga shi shiga gonar ne kawai. Kafin in ankara an koma gardamar wane ne zai riƙe muƙamin kafin a dawo da shi, kuma ko za a dawo da shi da shekarunsa ko yaro. Mutane masu iyali, wasunsu sun haifi kamar Likitar Kumbo.

Ni kuwa ba sama nake tunani ba. Duk wanda ke zaune a yankin nan ya san abin da ake nufi in an ce mutum ya shiga gona bai fito ba. Wayarsa na hannuna, sai ga kiran matarsa ya shigo. Na kalli sunan har ya katse, ban iya ɗagawa ba.

Na ce da su, “Ƙanena ya ɓace, kuna rabon gado?”

Mai taki ya ce, “Yaya, ki yi haƙuri, ke ba ki kalli zango na uku ba.”

Likitar Kumbo ce kaɗai ta zo ta kama hannuna. Mu biyu muka zagaya bakin da'irar, a can ɗaya gefen muka ga inda aka keta kara, kunyoyi sun rushe kamar an ja abu mai nauyi. Muka bi har muka ɓulla wata hanya a bayan gonar. Ga sawun tayar babur sabo a kan yashi, ga sawun takalman roba na mutane da yawa. Ta dube ni, na dube ta. Muka koma muka faɗa masu. Wani hafsa ya ce ba mamaki baƙin sun ɓad da sawu ne. A nan na daina magana da su, na kama hanyar mahaɗa da gudu-gudu don in nemi mutanen gari. Ganin na tafi sai suka biyo ni, ina jin ƙarar yadina yana shafar juna a bayana.

Rana ta take, zafi ya hana kowa barin hula a kai, har Mataimaki, wanda tun da muka shiga gonar bai ce uffan ba, sai gumi yake ta sharcewa. A mahaɗar na nufi wata dattijuwa mai sayar da dafaffiyar gyaɗa, na gaishe ta, na fara tambaya ko ta ga an wuce da wani a babur. Ba ni take kallo ba, bayana take kallo. Ta washe baki ta ce, “A'a, ɗan Funtua, kai ne? Ka dawo ɗaukar katakonka da igiyarka? Suna nan bayan rumfa inda ka ba ni ajiya.”

Mataimaki ya ce ba shi ba ne, kama ce. Dattijuwar ta ce wace irin kama, ba shi ya gyara mata wayarta da ta daina caji ba, ranar da ya zo da wani abokinsa suka ce awon fili za su yi? Ta tashi da kanta ta jawo wani dogon katako da aka huda gefe da gefe aka zura igiya. Ganyen dawa na nan manne a jikinsa.

Ban san lokacin da na riƙe wuyan rigar da ni na ɗinka ba. Ya fara magana a daburce. Ya ce mutane sun fara raguwa a taron mako, guruf ya mutu, an kusa zaɓen shugabannin runduna, shi dai so ya yi a samu abin da zai tayar da runduna, a kuma tuna cewa shi ya gano. Ya ce kara ne kawai, ya zaci zai miƙe da kansa. Na tambaye shi, tun da ya san babu wasu baƙin sama, me ya hana shi magana da muka ga takalmin? Ya sunkuyar da kai ya ce yana jiran ya ga ko Kyaftin zai fito.

Dattijuwar ce ta ƙarasa mana labarin, fara'arta ta gushe. Tun da mai gonar ya wayi gari ya ga ɓarnar, shi da 'ya'yansa da 'yan sintiri ke kwanton ɓauna a cikin dawar. Gari ya ɗauka 'yan bindiga ne suka yi alama don su gane wurin haɗuwa. Ɗazu kuwa ta ji an ce an kama infoma da kayan ƙarfe da oba-oba a kansa, an wuce da shi ƙofar mai unguwa ta hanyar baya. Ta ce, “'Yata, in naku ne ku yi sauri.”

Direbanmu, Allah ya saka masa, bai jira an roƙe shi ba, ya tayar da mota. Muna isa muka tarar da taro, maza da sanduna, mata a bakin katanga, ana ta hayaniya. A gindin wata bishiyar ɗorawa ga ƙanena zaune a ƙasa, an ɗaure hannunsa ta baya, rigar ta yage daga kafaɗa, ƙafa ɗaya ba takalmi. Hular na kansa har yanzu, sun yi sun yi ta ƙi fita saboda wayar da aka murɗe. Duk abin da aka tambaye shi yana amsawa, amma na'urar ta bugu ta ƙara lalacewa, ba a jin komai sai gurnani da ƙara. Wasu na cewa da mutanensa yake magana, wasu na cewa ba mutum ba ne ma. Mai unguwa, wani tsoho siriri, ya ajiye kujerarsa daf da shi, ya gitta sandarsa, ya ce babu mai ƙara taɓa shi sai jami'ai sun iso. Wannan sandar ce tsakanin ƙanena da abin da ba na son in rubuta.

Da mutane suka ga bas ta zazzage wasu masu walƙiyar, taron ya ja baya, sanduna suka tashi sama. Ni kaɗai ce mai zane da ɗankwali, don haka na wuce gaba na zube gaban mai unguwa. Na ce, “Ranka ya daɗe, ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. 'Yan Kafur ne mu, a bar ni in cire masa hular ku ga fuskarsa.” Na faɗi unguwarmu da gidanmu. Wani daga cikin taron ya ce ya san gidan, ya taɓa sayen masara a can. Mai unguwa ya ɗaga sandar. Na ciro almakashina, na yanke maɗaurin ta gefen da babu waya.

Fuskar da ta fito ta jiƙe sharkaf, leɓe ya kumbura, ido ya yi ja. Ya buɗe baki, da muryarsa ta gaskiya, ya ce, “Yaya, ruwa.” Wata mata ta ce, “Ashe ɗan mutane ne.” Sanduna suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya.

Sai mai gonar ya matso. Dattijo ne, hannunsa duk kanta. Bai ɗaga murya ba. Ya ce da ƙanena, “Yaro, me na yi maka? Takin gonar nan sai da na sayar da awakin matata na saya. Da ka yanka ka tafi da ita, da na ce yunwa ce. Ka kwantar da ita ka bar wa ɓera.” Ƙanena ya rantse bai san komai ba. Na waiga, Mataimaki ya laɓe bayan direba. Likitar Kumbo ta kamo hannun rigarsa ta jawo shi har tsakiyar fili, ta ce, “Ka faɗa da bakinka, ko in faɗa da nawa.” Ya faɗa. Da ya zo wurin bayanin dalili, sai da mai unguwa ya sa ya maimaita, saboda ya kasa gane yadda za a ɓata dawa don a ce wasu sun sauko daga sama. Da ya gane, ya daɗe yana kallon rundunar ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tambayi mai taki ko yana da iyali. Ya ce yana da su. Tsohon ya ce, “Sun san kana nan?”

An aika wa jami'ai cewa magana ta zama ta gida. Hukuncin da aka yanke shi ne Mataimaki zai cika wa mai gona abin da ya lalace da hatsi, rundunar kuma gaba ɗayanta za ta dawo ranar yankan dawa ta yi masa gayya. Kafin nan, a yau ɗin, a koma gona a tattara zangarniyoyin da za su ceto. Haka aka yi. Na zauna a inuwa ina ɗinke kafaɗar ƙanena da allurar hannu, ina kallon hafsoshin sararin samaniya sun duƙa suna tsintar dawa, ƙaiƙayi na cin su ta cikin yadin kujera. Matar mai gonar ta aiko da fura da dambu. Na ji kunyar cin abincin nan fiye da duk abin da ya faru a ranar, amma na ci, don ƙin ci zai fi muni.

Muna cikin sha sai babban ɗan mai gonar, wani ƙaƙƙarfan saurayi wanda shi ya kayar da ƙanena a cikin kara, ya zo ya tsuguna ya ba shi haƙuri. Ya ɗauki hular yana jujjuya ta. Ya ce shi fa tun da ya hango rigar ya gane ta kyaftin ɗin fim ce, duk 'yan garin suna kallo a waya, na fassara. Ƙanena ya ce to me ya sa ya maka shi da ƙasa? Saurayin ya ce, “Eriyar ce. A fim ɗin ta hagu take, taka tana tsakiya. Shi ya sa na san ɓad da kama ce.” Ƙanena, da kumburarren leɓensa, ya gyara zama ya ce a zango na farko a tsakiya take, sai daga baya aka mayar da ita hagu. Saurayin ya ce bai yarda ba. Mai taki ya ajiye damin da ke hannunsa ya taho. Na tattara allurata na koma mota.

Mun kamo hanya da la'asar don kada duhu ya same mu. A Kafur na roƙi kowa kada a faɗa wa Mama komai, amma labari ya riga mu isa, ta tsaya a ƙofar gida ta kama fuskar ɗanta ta duba leɓen, ta yi addu'a, ta ce a cire wannan tsumman kafin a shiga mata gida. Daga Malumfashi zuwa Bakori Mataimaki na can kujerar baya shi kaɗai da katakonsa, don dattijuwar ta ce katakon ba zai ƙara kwana a wurinta ba.

Mun kusa Funtua, fitilun gari sun fara bayyana, ƙanena ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya. Ya ce, “Yaya, kin san wani abu? Lokacin da suka rufe ni ta baya suka ɗaga ni sama, ban ga kowa ba saboda hular. Na ɗan wani lokaci na zaci su ne.” Na ce sai ka tsorata. Ya ce, “A'a. Murna na yi. Sai da na ji warin fetur ɗin babur.”

Na sauka a ƙofar gidansa na miƙa shi ga matarsa hannu da hannu, na bar masa aikin bayani. Abin da na koyo a tafiyar nan ba mai yawa ba ne. Mutum ya so abin da yake so, ba laifi, ni ma gobe in ina guga zan kunna fim ɗin. Amma duk wasan da zai kai ka gonar wani ya tashi daga wasa, kuma a ƙasar da mutane ke kwana da fargaba, wanda ya rufe fuskarsa ya sa ransa a hannun wanda ya fi kowa tsorata. Na kuma koyi cewa in ka ɓace, ka roƙi Allah ya sa akwai wanda bai kalli zango na uku ba a cikin masu nemanka. Rundunar ta riga ta aiko a ɗinka mata sababbin kaya na ranar gayya. Na ce masu na ji, amma da yadin buhu zan yi, kuma babu hula.